Yadda Ake Fita Yawon Duwatsu da Iyali Daga Garwa ko Marwa

Mazaunin Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, ba ya buƙatar jirgi kafin ya kai 'ya'yansa su ga abin mamaki. Kwazazzabon Kola yana bayan Gidar, dutsen Mindif yana kudu da Marwa, tsaunukan Rumsiki kuma suna can kan iyakar Najeriya. Abin da ke ɓata irin wannan fita shi ne maigida ya auna tafiyar da ƙarfin kansa. Da mafi rauni a cikin motar ake aunawa: yaro ɗan shekara huɗu, ko iya mai ciwon gwiwa, ko uwargida mai goyo. Nisan da za su iya, da zafin da za su jure, shi ne iyakar tafiyar kowa.

Zaɓen lokaci

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu ne lokacin da ya fi. Ruwa ya ɗauke, hanyoyin ƙasa sun bushe, rana ba ta yi ƙarfi ba tukuna. Wanda ke son ganin nesa daga kan tudu ya gaggauta a Nuwamba ko farkon Disamba, domin da hunturu ya kankama hazo na iya rufe tsaunukan Rumsiki har mutum ya sha wahalar hanya ya je ya tarar da farin sama kawai. Kwazazzabon Kola shi kuma sai ruwa ya ja sosai, wato daga Disamba zuwa gaba.

Maris da Afrilu a bar su. Zafi a Garwa yana wuce digiri 40 a watannin nan, dutse kuma yana riƙe zafi ya mayar wa mai tafiya a kansa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce lokacin da duwatsun suka fi kyau da kore, amma ba ta iyali ba ce, saboda mayo-mayo, wato koramun da ke yanka hanya.

A watannin sanyi rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 na yamma, duhu kuma ba ya jira. Daga nan ake fara lissafi: a sa lokacin da ake son a kasance an shigo gari, ƙarfe 5 misali, sai a ƙirga baya a gano lokacin barin wurin da lokacin fita daga gida.

Ina za a je

Ga masu ƙananan yara da ba su taɓa irin wannan fita ba, Kola ce ta fi dacewa. Daga Garwa zuwa Gidar kusan kilomita 100 ne, kwazazzabon kuma 'yan kilomitoci ne daga gari. Mayo Luti ne ya daɗe yana cin baƙin dutse har ya sassaƙa lunguna masu santsi da dogayen bango, ƙasan yashi ne, ana tafiya a ciki. Babu wani hawa mai yawa, akwai inuwa a cikin lungunan, kuma ana zuwa a dawo a yini ɗaya.

Mindif kusan kilomita 25 ne daga Marwa. Dutsen ya tsaya shi kaɗai a fili kamar haƙori, kuma ƙololuwarsa ta masu igiya da horo ce. Iyali gindinsa za su zaga, su hau ƙananan duwatsun da ke kewaye, su ci abinci a inuwa. Samari sukan so su gwada kansu a jikin babban dutsen. A hana su tun a mota. Mutanen Garwa suna da tudun Tingilin kusa da su ta wajen Pitowa, kuma idan aka daidaita da Lahadi sai a haɗa da kasuwar Pitowa a hanyar dawowa. Tafkin Lagdo, wanda madatsar da aka kammala a 1982 ta tara, wurin kallo ne da cin soyayyen kifi, ba wurin wankan yara ba.

Rumsiki ita ce babbar tafiya. Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne a kan kwalta, daga Mokolo kuma saura fiye da 50 a kan gargada mai duwatsu, wadda ita kaɗai takan ci awa biyu. Dogayen duwatsun da ke tsaye a kwarin Kapsiki ragowar tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta: narkakken dutse ya daskare a maƙogwaronsu, ruwa da iska suka cinye jikin da ke kewaye, suka bar ƙashin tsaye. Mafi shaharar su ya kai mita 1,224 daga matakin teku. Wannan ba tafiyar je-ka-dawo ba ce da yara. A yi shirin kwana ɗaya, a Rumsiki ko a Mokolo. Ranar Laraba kasuwar Mokolo ke ci, hanya takan cika da mutane da babura, wanda alheri ne idan mota ta lalace.

Tambayar tsaro kafin komai

Tun Fabrairun 2013, lokacin da aka sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya a wajen Dabanga kusa da gandun dajin Waza, al'amarin yawon buɗe ido a jihar Arewa Mai Nisa ya canja. Yankunan Mayo-Sava, Logon-da-Shari da gefen iyaka na Mayo-Tsanaga sun sha hare-haren Boko Haram, kuma Mokolo da Rumsiki a cikin Mayo-Tsanaga suke. Halin hanya yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka labarin bara ba ya aiki. Kwana biyu kafin tafiya a tambayi direbobin tasha da ke bin hanyar kullum, a kira wani mazaunin can, sannan idan an isa Mokolo a tsaya ofishin jandarma a faɗi inda za a da ranar dawowa. Idan suka ce a dakata, an dakata ke nan. Kola da Mindif suna nan. A kowace hanya, ba a tafiyar dare, saboda zargina, wato 'yan fashin hanya, da ramuka da manyan motocin da ke tsayawa ba fitila.

A bar wa wani ɗan'uwa a gida bayani: hanyar da za a bi, lambar mota, da lokacin da idan bai ji ku ba zai fara nema. A riƙe layi biyu, MTN da Orange, domin a tsakanin duwatsu ɗaya kan ɗauke ɗaya ya kama. Kusa da iyaka waya takan kama layin Najeriya da kanta ta cinye kuɗin da ke ciki. Lambar jandarma 113 ce, ta 'yan sanda 117.

Mota

A kai ta gareji kwana uku kafin tafiya, ba jajibere ba, don idan an canja wani abu a samu damar gwada shi a gari. Makaniki ya duba baƙin mai, man birki, ruwan lagireto da tiyoyinsa, fambel, da kan batir, domin gargada tana kwance abin da ya yi sako-sako. Taya mai ƙulli a gefe ko wadda ta sha faci uku ba ta zuwa Rumsiki. Safaya a auna iskarta da gaske. Da yawa sai an ciro ta a daji ake gane ta daɗe da sacewa. Ga Rumsiki, safaya biyu sun fi, kuma mota mai tsayi daga ƙasa ake so. Ƙaramar mota mai mutum bakwai a ciki za ta riƙa dukan dutse da cikinta, kuma idan tukunyar baƙin mai ta fashe tafiya ta ƙare a wurin.

A sa jak, sifanar taya, famfon iska, guntun katako mai kauri da za a ɗora jak a kai, igiyar ja, tocila, da ƙaramin shebur. A cika tanki a gidan mai a Garwa, Gidar, Marwa ko Mokolo. A hanyar dutse mota tana shan mai fiye da yadda ta saba, don haka a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lissafin kwalta. Idan dole ta sa aka sayi zuwa-zuwa, wato man bakin hanya na kwalba, a ƙauye, a tace shi da tsumma mai tsabta, saboda ƙura da ruwan da kan shiga ciki.

Takardu su zama a jaka ɗaya kusa da direba: katin shaidar kowane babba, lasin, katin mota, inshora da takardar binciken lafiyar mota. Yaran da ba naka ba, a riƙo takardar haihuwarsu kuma iyayensu su kasance a kan waya. Kuɗi a canja su ƙanana, 'yan 500 da 1,000 da silalla, don kuɗin hanya na sefa 500 a shingen kwalta, da ɗan jagora, da 'yan sayayya a inda ba a samun canji.

Ruwa da guzuri

A nan aka fi yin kuskure. Babban mutum mai tafiya a rana yana buƙatar lita 4 zuwa 5 a yini, yaro lita 2 zuwa 3. Gida mai manya uku da yara uku, ruwan sha kaɗai kusan lita 24 ne. A ƙara jarka ɗaya mai lita 20 ta alwala, wanke hannu da lagireto, sannan wata lita 10 da ba a taɓawa sai mota ta tsaya a hanya. Kada a zuba duka a mazubi ɗaya. Jarka na iya tsagewa a gargada ba a sani ba. Daren jajibere a daskarar da rabin robobin, su zama ƙanƙarar kula da safe, ruwan sha da rana.

Hunturu yana yaudara. Iska busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin a gan shi, yaro ba ya jin ƙishi har sai kansa ya fara ciwo. Uwargida ta riƙa zagayawa da kofi duk rabin awa, ko an nema ko ba a nema ba. Lemon kwalba ba ya maye gurbin ruwa. Zoɓo ko tsamiya mai ɗan sukari sun fi shi.

Guzuri ya zama wanda zafi ba ya lalatawa: kilishi, dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi, sardin na gwangwani, lemo da ayaba, dafaffen ƙwai da ɓawonsa. Dafa-duka ko dambu da aka dafa da asuba a cinye kafin azahar, domin abinci mai ɗumi a rufe cikin mota mai zafi awa kaɗan yake ɗauka ya juya. Nono da haɗin ganye mai mayonis a bar su a gida. Fura a tafi da ita a dunƙule, a dama a can. Shayi a fulas ya fi kunna gawayi a cikin busasshiyar ciyawa da iska ke kaɗawa. Idan an kunna, a share wurin, a kashe da ruwa, a binne tokar.

A jakar magani a sa farasitamol na manya da na yara, gishirin zawo na leda, bandeji, auduga, ruwan wanke ciwo, hantsaki na cire ƙaya, da man kaɗanya don leɓe da faso. Mai asma ya riƙo abin shaƙarsa a aljihu, ƙurar hunturu tana tayar da ita. Masu kwana su ɗauki gidan sauro da rigunan sanyi. Rumsiki tana kan tudu, sanyin asubarta a Disamba yakan ba mutumin Garwa mamaki.

Ranar tafiya

A loda mota da dare, a fita bayan sallar asuba. Wanda ya bar gida ƙarfe 9 zai isa dutse daidai lokacin da ya kamata ya sauko. Yara a baya, a ɗaure, ba a cinyar mai zaman gaba ba. Mai amai a mota a ba shi abu kaɗan ya ci, a zaunar da shi inda yake ganin hanya, a riƙe leda kusa.

Da an isa, a gai da mutanen wurin, a nemi lawan ko jauro, wato mai gari, idan ƙauye ne, a ɗauki jagora ɗan garin. A yi ciniki da shi a gama kafin a taka, a gaya masa sarai cewa da yara da tsofaffi ake, hanya mai sauƙi ake so. Amfaninsa ya wuce nuna hanya. Ya san ramin da zuma ta yi gida, ya san dutse ko itacen da mutanen wurin ke girmamawa ba a hawa, kuma a Rumsiki ya san inda Kamaru ta ƙare, don mai gangarawa kwari yana iya shiga Najeriya bai sani ba. Katangun duwatsu da manoman tsaunukan Mandara, inda Rumsiki take, suka jera a jikin tudu gonakinsu ne, su ke riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe. Yara kada su bi ta kansu. Kafin a ɗauki hoton mutum ko gidansa a nemi izini. Soja, shinge, gada da madatsar Lagdo kuwa ba a ɗaukarsu. A Rumsiki za a yi muku tayin kai ku wurin mai duba da ƙaguwa. Wanda ba ya so ya ce ya gode, ba tare da wulaƙanci ba.

Hawa a fara shi kafin ƙarfe 8, a kasance an sauko kafin 11. Jagora a gaba, yara a tsakiya, babba ɗaya a ƙarshe wanda ba wanda zai koma bayansa. Silifas shi ne babban mai kayar da mutane. Kambas mai igiya ake sawa, da safa saboda ƙarangiya. Mata su sa wando a ƙarƙashin zani, a tattare dogon hijabi kada ya shiga ƙarƙashin ƙafa ko ƙaya ta riƙe shi. Mai goyo ba ta hawa wuri mai tsayi, nauyin da ke bayanta yana janta idan ta karkata. Ta zauna a inuwa da iya, a bar musu ruwa da namiji ɗaya.

Saukowa ta fi hawa haɗari. Ƙafa ta gaji, tsakuwa tana mirginawa a kan falalen dutse, yara kuma suna son gudu. A sauko a karkace, taki gajere, inda ya yi tsayi a zauna a ja jiki. Kada wani ya tsaya daidai ƙarƙashin wani, saboda dutsen da kan kuɓuce. A Kola, kududdufan da suka rage a lunguna sun fi yadda ake zato zurfi, gefensu kuma santsi ne.

Direba ma yana da tasa saukowar. A gangara mai tsawo a sa giya ta biyu ko ta ɗaya, inji ya riƙe motar. Wanda ya ɗora ƙafa a birki tun daga sama, birkin zai yi zafi ya daina kamawa daidai inda ake buƙatarsa. Idan allurar zafi ta hau wurin hawa, a kashe na'urar sanyi, a tsaya a gefe, a buɗe bonet, a jira aƙalla minti 30 kafin a taɓa murfin lagireto, in ba haka ba tafasasshen ruwa zai watso a fuska.

Sallah ba ta da wahala: tafiyar da ta kai kusan kilomita 80 ana yin ƙasaru a mazhabar Malikiyya, kuma idan ruwan da ya rage na sha ne kawai, ga ƙasa da dutse na taimama.

Idan abu ya faru

Yaron da ya yi shiru, fitsarinsa ya yi ja ko ya yi awa 6 bai yi ba, idonsa ya faɗa, ruwan jikinsa ya ragu. A kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari kurɓi-kurɓi. Idan babu na leda: lita 1 na ruwa mai tsabta, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishirin. Wanda jikinsa ya yi zafi ƙwarai, yana sambatu ko ya suma, rana ce ta buge shi: a cire masa kaya masu nauyi, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a nufi asibiti ana ci gaba da jiƙawa. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin, kuma ba a ɗura wa sumamme ruwa.

Macijin da ya fi kashe mutane a wannan yanki shi ne kububuwa, ƙarama ce mai launin ƙasa, tana kwanciya ƙarƙashin duwatsu. Don haka ba a cusa hannu a rami, ba a ɗaga dutse da hannu, da dare kuma ba a fita ba tocila. Idan ta sari mutum, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa, baƙin dutsen da ake mannawa ma ba ya zuƙe dafi. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗaure gaɓar da sanda don kada ta motsa, a ɗauke shi a kai asibiti mafi kusa ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafinta hana jini daskarewa yake yi, kuma alamar takan makara. Idan gamsheƙa ta tofa a ido, a wanke da ruwa mai yawa minti 15. Harbin kunama ga babba yawanci zafi ne kawai, ga ƙaramin yaro kuwa na asibiti ne. Da safe a zazzage takalma kafin a sa.

Mayo busasshe ba wurin shimfiɗa tabarma ko ajiye mota ba ne da zarar hadari ya fara fitowa. Mayo Luti daga duwatsun Mandara yake tasowa. Ana iya yin ruwa a can, ambaliya ta iso Kola alhali rana na haskawa. Idan aka tarar ruwa yana gudu a kan mashigi kuma ya kai gwiwa, a jira, yakan ja bayan 'yan awoyi. A Binuwai da Lagdo akwai dorina, a ruwan da ke kwance kuma akwai ƙwayar tsargiya mai shiga ta fata.

Ga masu hangen sahara

'Yan'uwa na Kusiri da Injamena sukan yi maganar Ennedi, yankin duwatsun hamada a arewa maso gabashin Chadi, kuma wurin ya cancanta: UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2016, tafkunan Unyanga 18 kuma tun 2012. Akwai gadar dutse ta Aloba mai tsayin kusan mita 120, da tafkin Arshe inda raƙuma ke shan ruwa kusa da kadojin da suka rage tun zamanin da Sahara ke da koguna. Amma kwanaki ake yi a hanya kafin a kai garin Fada da ke yankin, da takardar izinin zagayawa daga hukuma, da mota biyu aƙalla masu jan ƙafa huɗu, da jagoran da ya san inda nakiyoyin yaƙin shekarun 1980 suka rage. Ba ta ƙananan yara ba ce. Iyali su fara da Gawi, ƙauyen Kotoko da ke bakin Injamena mai gidajen ƙasa masu zane da kayan tarihin mutanen Sao.

Tuƙin yashi kuwa ko a gindin mayo ana gamuwa da shi. A rage iskar taya zuwa kusan bar 1.5 a ma'aunin iska don ta baje, a shiga da giya ta biyu ba tare da tsayawa ko juya sitiyari da ƙarfi ba. Idan mota ta kafe a ɗaga ƙafa daga totur nan take, domin taya mai juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta. A sauke mutane, a kwashe yashin gaban tayoyin, a shimfiɗa katako, rassa ko tabarmar ƙafa ta mota, a fita a hankali. Da an hau ƙasa mai tauri a mayar da iskar, in ba haka ba gefen tayar zai yi zafi ya fashe. Motar da ta mutu a fili ba a barinta a tafi neman taimako da rana tsaka; a zauna a inuwarta, an fi saurin ganin mota a kan mai tafiya a ƙasa.

Bayan an dawo

A duba ƙafafun yara a cire ƙayar da ta karye a ciki kafin ta yi ruwa. Duk wanda ya yi zazzaɓi daga mako ɗaya zuwa biyu bayan kwana a waje, a yi masa gwajin maleriya kafin a ba shi magani. Yaron da ya faki ido ya shiga tafki, a sa masa ido watanni biyu zuwa uku. Idan aka ga jini a ƙarshen fitsarinsa a kai shi asibiti a faɗi ruwan da ya shiga, maganin tsargiya yana nan kuma yana aiki. Mota kuma a kaɗe matatar iskarta, a leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigon mai, a ƙara ɗaure notocin taya, a kai safayar da aka yi amfani da ita wurin mai faci tun ba a manta ba.